Maɗori da Ɗan Damben Garinsu

Malam Ɗantani, tunda ka ce duk wanda ya faɗi aibinka maƙiyinka ne, matso in ba ka wani misali.

An yi wani mahauci ɗan dambe a wani gari, ƙato mai faɗin ƙirji, wanda mutanen garin ke so kamar ransu. In ya kai abokin karawa ƙasa, sai su yi mako suna labari. In shi aka kai ƙasa kuwa, ba sa rasa abin faɗa: yau rana ce ta shiga idonsa, gobe fagen ne ya yi santsi, jibi sammu aka yi masa. A cikin masoyansa akwai wani tsoho maɗori, wanda ko a wane ƙauye za a yi wasan sai ya taka da ƙafa ya je. Shekara arba'in yana ɗora karaya, idonsa ya san inda jiki ke da rauni. Shi ya lura cewa duk sa'ad da mahaucin zai kai naushi da dama, sai ya sauke hagunsa da yake kare fuska da ita, haɓarsa ta fito fili. Ya je mahauta ya faɗa. Aka yi masa ca, aka ce baƙin ciki ne, har wasu suka ce bakinsa ke jawo musu faɗuwa. Daga ranar aka daina matsa masa wuri a tabarma.

Da kaka ta yi, aka sa ranar karawa da wani siririn ɗan dambe daga gabas, wanda ya riga ya karya muƙamuƙin mutum biyu. Ana cikin haka sai ga wani baƙo da jakar fata, ya ce yana da gurun da in aka ɗaura wa mutum, hannun abokin gabansa zai yi nauyi kamar dutsen niƙa. Ba wanda ya tambayi ko sunan garinsu. Wani ya jawo akuya, wani ya kawo damin gero, aka karɓi guru, makaɗa suka hau kirarin nasara tun saura kwana bakwai. Tsoho ya sake zuwa da maganarsa, aka kore shi da ihu. Ranar wasa, ko turmin farko bai ƙare ba siririn ya sami haɓar nan a buɗe. Mahauci ya zube, muƙamuƙi ya goce. Aka nemi baƙo sama da ƙasa aka rasa, duk da haka wasu suka dage cewa a baibai aka ɗaura gurun.

A zauren maɗorin aka kwantar da mahaucin. Kwana arba'in tsoho na jinyarsa, yana ba shi kunu da ƙaramin ludayi, bai taɓa yi masa gori ba. Sai ranar da ya iya tauna tuwo tsoho ya ce masa, "Ɗana, ƙarfi kam Allah ya ba ka. Hagunka ce ke cin amanarka. Gobe da safe ka same ni bayan gari."

Tsoho ya rataye buhun yashi a reshen tsamiya, ya tsaya gefe da karan dawa a hannu. Duk naushin da mahauci ya kai, in hagu ta sauka, kara ya sauka a haɓarsa. Rani ya wuce, damina ta shigo, suna nan. Masu wucewa gona na dariya, suna cewa gwaninsu ba ya buƙatar koyo. Sau biyu mahauci na kwance zaren hannunsa ya yar cikin fushi, sau biyu tsoho na bin sa da shi har mahauta, ya zauna bakin rumfa bai tashi ba sai da aka karɓa.

Kaka ta zagayo, aka sake haɗa su da siririn. Turmi biyu siririn yana neman ƙofar da ya sani, ya tarar da ita a rufe. A na uku gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Jama'a suka ruga suka ɗaga mahauci sama, kowa na rantsuwa shi dama ya san haka za a yi. Ya ce su sauke shi. Ya ratsa taron har can baya inda tsoho ke tsaye shi kaɗai, ya durƙusa, ya miƙa masa hannun dama don ya kwance masa zaren.

Shi ya sa Hausawa suka ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.