Likitan da Ya Ji Nauyin Doña Herminia

Doña Herminia tana zaune a ɗakin jira na wani asibiti a garin Laredo, ta rungume jakarta kamar za a ƙwace. 'Yarta Maricruz, amaryar bara, tana cikin ɗakin likita da mijinta, za a gaya musu sakamakon gwajin bakin mahaifa.

Ƙanwarta Chelo ta miƙo mata burodi. "Yaya, ci mana. Kin zuba wa ƙofar nan ido sai ka ce ita ta karanta likitanci."

"Ƙyale ni, Chelo. Ko ruwa ba ya wuce mini."

Herminia ba ta taɓa yi wa likita musu ba. A gidansu, maganar likita kusan ɗaya take da ta limamin coci. Duk allurar da ya ce a yi, da sassafe take kai yarinya.

Maricruz na da shekara goma sha ɗaya lokacin da likitan yara ya dubi uwar, ya ga gicciye a wuyanta, ya ji Turancinta da ƙyar yake fita. Nan take ya yanke wa kansa cewa irin wannan mata za ta ɓata rai idan aka yi zancen cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Sai ya ce, yana tattara kayansa: "Akwai kuma rigakafin HPV. Makaranta ba ta tilasta ba. Wata rana, in kina so."

"Likita, da 'yarka ce, za ka yi mata?"

Ya yi murmushin nan da ba ya cin kuɗi. "Shawara taku ce, Señora."

Kalmar sankara, wadda allurar take hanawa, ba ta fito daga bakinsa ba. Herminia ta koma gida hankali kwance. A saninta, abin da ke da muhimmanci likita ba ya cewa in kina so.

Yau, a ɗakin jiran, ƙofa ta buɗe. Mijin ne ya fara fitowa, kansa a ƙasa. Herminia ta miƙe.

"Mama, sankara ce," in ji Maricruz. "Za su cire mahaifar. Sun tambaye ni ko an yi mini rigakafin ina ƙarama. Wai da wuya ta kama ni da an yi."

"Ban ƙi ba, 'yata. Allah ne shaidata, ban ƙi ba! Ba wanda ya ce mini a yi."

Maricruz ta juya wajen Chelo. "Inna, gadon jaririn nan da kika ajiye mana, ki ba wani."

Jama'a, likitan da ya ji nauyin faɗa wa uwa gaskiya ba mutunta ta ya yi ba, raina ta ya yi. Ku kuma iyaye, kada ladabi ya rufe muku baki. Ku tambayi me allurar take hanawa, kuma kada ku tashi sai an ba ku amsa.