Jan Karen Gindin Dutse

Tunda ka zo kana tambayata ko ka raba wa mutane irin da kai kanka ba ka yarda da shi ba, zauna in ba ka misali.

An yi wani manomi a gindin dutse, inda birai ke saukowa gona kamar an gayyace su biki. Tun zamanin kakansa aka san gidansu da jajayen karnuka, waɗanda in sun yi haushi sau ɗaya gwaggon biri kan yar da zangarniyar da ya karya ya haye dutse. Duk mai gona a yankin burinsa ya kai karyarsa gidan a yi barbara. Al'adarsu kuwa mai namiji ba ya hanawa, sai dai in an haihu a ba shi ɗan da ya zaɓa. Mutumin nan yana taƙama da abin har ya yi yawa, ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya san yadda ya sako zancen karensa. A kwana a tashi, zuriyar ta ragu sai namiji guda. Wata damina karen ya soma kwanciya, ya ƙi abinci, ƙaya kaɗan ta soke shi jini ya yi ta zuba ya ƙi tsayawa. Da manomin ya ɗaga leɓensa ya ga dasashi fari fat, sai ya rungume shi a kan babur har wurin likitan dabbobi a birni. Likita ya auna jini, ya ce ba kaska ba ce, ba guba ba ce: jikin karen ne ya juya yana yaƙar jininsa. Magani zai kwantar da ciwon, amma mai yiwuwa 'ya'yansa su gada. In aka bar shi haka, ranar da ya jiyo karya zai tsinke igiya ya shiga faɗan karnuka, cizo guda ya ishe shi. In kuma aka fiɗiye shi tun bai farfaɗo ba, yana iya mutuwa a hannun likita. Sai dai a yi jinya tukuna, sannan mai kare ya yanke shawara.

Manomin ya koma gida zuciyarsa a dagule. Ya yi ta ɗura wa karen magani, yana dafa masa hanta, har matarsa ta ce ita ma da ma an haife ta kare. Kafin kaka dasashin ya yi ja, gashi ya yi sheƙi, wanda bai sani ba ba zai ce ya taɓa ciwo ba. A nan ne jarrabawar take, don daga shi sai likita suka san gaskiya, ga kuma masu karnuka sun fara sallama a ƙofar gida. Barbara ɗaya tak, da zuriyar kakansa ta ci gaba. Ya kwana biyu yana juya abin, sai ya ja karen har dandalin da dattawa ke zama, ya faɗi ciwon da bakinsa, ya ce jibi zai kai shi a fiɗiye. Wani ya ce, "Haba, ka bar mana ko haihuwa guda mana. Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Manomin ya ce, "Shi ne abin da nake tsoro. Wanda ya gaji gudun, shi zai gaji jinin." Aka yi masa dariya, aka ce rowa ce, aka ce ya kashe gidan ubansa da hannunsa. Ran da aka yi aikin, a bakin ƙofar likita ya tsuguna, ƙato da shi, yana share hawaye da hula. Karen ya tashi.

Bai sake iya hawan dutse kamar da ba. Sai manomin ya samo 'yan kwikwiyo na kan bola, baƙi da fari da mai dabbare-dabbare, ya sake su a gona tare da shi. A gefensa suka koyi inda birai ke saukowa, da lokacin yin shiru, da lokacin haushi. Bayan 'yan shekaru na je ƙauyen, na ga abin da ya sa har yau in na tuna mutumin nan sai in ji kaina ya ƙara girma. A wurinsu duk wanda za a ba kwikwiyo sai ya ɗaga leɓensa ya duba dasashi, don sun koyi darasi. Amma in aka ce daga gidan manomin nan ya fito, ba mai dubawa. Ɗauka ake yi a tafi, har da mutumin nan mai zancen barewa. Babu jan kare ko ɗaya da ya rage, amma sunan gidan ya fi na zamanin kakansa nauyi.

To, kai ma ka je ka duba irin naka. Hausawa sun riga sun faɗa: da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.