Hannun Wani

Adaidaita sahun bai gama fita daga Gyadi-Gyadi ba, tsohuwar da ke gefe ta ƙura wa farar rigar Rifkatu ido. Rifkatu ta san irin wannan kallo. Nas ce, ta taso daga aikin safe a gajiye za ta gida Tarauni, kuma duk wanda ya ga rigar nan sai ya tuna da ciwonsa.

"'Yata, ke ta asibiti ce ko?" in ji tsohuwar. "Wani ne hannunsa ke mutuwa, na hagu. Me ke kawo haka?"

Wani! Rifkatu ta kusa yin dariya. Ta ga "wani" da "wata" iri-iri a aikin nan, a ƙarshe in an auna sai a tarar mai tambayar ce. Haka mahaifiyarta ta yi musu a Zonkwa. Kullum "wata 'yar cocinmu ce ke jin jiri", har ranar da ta faɗi a bakin murhu. Har yau abin yana cin Rifkatu a rai, ta kuwa yi alkawarin ba za ta sake barin wata uwa ta kuɓuce mata haka ba.

Sai ta bi tsohuwar a hankali. Ta ce wani lokaci kwanciya a kan hannu ce kawai, da an tashi ya sake. Wani lokaci jijiya ce ta danne a wuya, ko ciwon suga. Amma in ya ƙi tafiya, ko yana tafiya yana dawowa, ba a zama da shi a gida.

Tsohuwar ta gyara riƙon ƙullin kayanta a cinya. Idanunta jajir, muryarta a dushe. Ta ce ya daɗe yana yi, sai ya ce kamar kiyashi na yawo a ciki. Ana shafa man zafi. Akwai ranar da kofi ya suɓuce, harshe ya yi nauyi, can kuma ya sake, aka ce iska ce.

Nan take Rifkatu ta gane. Wannan ba kwanciya ba ce, gargaɗin shanyewar ɓarin jiki ne. Ta saci kallon bakin tsohuwar ko ya karkace. Bai karkace ba, da sauran lokaci ke nan. Ga shi sun wuce hanyar asibiti, kuma ta san in tsohuwar nan ta sauka ta shige lungu, shi ke nan.

"In da an kai tun farko," in ji tsohuwar, tana kallon titi, "ana tashi?"

"Sosai ma, Inna! Da yawa suna komawa gida da ƙafarsu."

Ba alamar tsohuwar za ta ce a juya. Rifkatu ta ga lallashi ba zai yi ba, sai ta ɗauko abin da ta san yana aiki a kan masu taurin kai, wato tsoro.

"Inna, in gaya miki gaskiya? Ciwon nan ba ya kisa sai an ba shi hanya. Duk wanda aka nuna wa hannu irin wannan ya ce a je a shafa man zafi, ai shi ya yi kisan." Ta taɓa kafaɗar direba. "Malam, juya mu koma asibiti."

Tsohuwar ta cafke mata wuyan hannu. Da hagu ta riƙe ta, riƙo mai ƙarfi, irin na macen da ta saba da taɓarya.

"Bar shi ya tafi, 'yata. Hannuna lafiya lau."

Hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba. Leɓunanta suka yi ta motsi kamar mai koyon magana, kafin ta iya fitar da sunan da al'ada ta hana ta kira tun ranar da aka raɗa shi.

"Mu'azu," ta ce. "Ɗan farina ne. Ya miƙo mini hannun in gani, kunya ta sa na kau da kai na ce ya je ya shafa man zafi. Jiya aka yi addu'ar bakwai ɗinsa."