Allurar da Ta Makara

"Sai yau kika tuna hanyar gidan nan?" ƙanwar ta daka wa yayarta tsawa. "Inna ta yi wata guda a kabari!"

Yayar ta sunkuyar da kai. Shekara biyu bakin unguwa bai huta ba, wai girman kai ne ya hana ta zuwa. Ashe baiwar Allah mafitsara ce ta hana ta sakat. Ko minti ashirin ba ta yi a mota sai ta jiƙa kayanta, ga gidansu tafiyar yini.

"Allurar botoks likita ya yi min a mafitsara," ta ce a hankali. "Wai ɗan dafi ne mai tare saƙon jijiya, tsokar ta daina matsewa ba gaira ba dalili. Tana kama jikina na taho. Kunya ce ta hana ni faɗa muku."

Ƙanwar ta yi dariyar da ta fi kuka ciwo. "Kunya? Yaya, shekara uku kullum ina wanke zanen gadon Inna. Ciwonku ɗaya. Ita ma cewa ta yi kar in faɗa miki, kada ki ji ƙyamarta ki ƙi zuwa."

Ta fice, ta banko ƙofa.