Allurar da Ta Makara da Kwana Biyu

"Sun hana ta shiga jirgi," in ji tsohon mijina a waya. Rabonsa da kirana tun ranar da alƙali ya ba shi karyata.

Ni na raine ta tun ba ta fi tafin hannu ba. Ni ke yi mata wanka da taza, shi ke ɗaga kofin gasa a gaban masu hoto. Yau ga shi a filin jirgin garinmu, Buenos Aires, gasar karnukan Madrid saura kwana uku.

"Wai rigakafin haukan kare ya makara da kwana biyu. Kwana biyu fa, Siririya! Tunda allurar bara ta ƙare kafin a yi sabuwa, wai sai an jira sati uku."

"Ayya, ranka ya daɗe. Ba ka duba kalanda ba?"

Shekara tara yana yi wa kalandar jikin firijina dariya a gaban abokansa, wai na mai da kicin asibiti.

"Dole in tafi, akwai karnukan mutane a hannuna. Don Allah ki zo ki ɗauke ta."

Na ce to. Na kurɓi shayina a tsanake, ina kallon ranar ƙarewar allurar, wadda na zagaye da jan biro. A ranar har na danna lambarsa don in tuna masa, sai na tuno murmushinsa a kotu, na ajiye wayar.

Kwanon abincinta kuwa, tun jiya na wanke shi.