Zabura a Kan Faifan Ƙarfe

Fasto ya tare wata budurwa a ƙofar coci, dusar ƙanƙarar birnin Turku na zuba kan jitarta da lasifikarta da faifan ƙarfen da take duka in tana waƙa.

"'Yata, wannan rugugin kiɗan naku na metal ba zai shiga jana'izar babanki ba."

Ko gezau ba ta yi ba, ta san wadda ke bayanta.

"Fasto, matsa," in ji mahaifiyarta. "Shekara arba'in yana ƙera jiragen ruwa, har guduma ta cinye masa kunne. Duk wa'azinka, bakinka kawai yake kallo. Zaburar da yarinyar nan ke bugawa kaɗai ke isa ƙirjinsa."

Fasto ya dubi kayan kiɗan. Can ya sunkuya, ya ɗauki lasifikar da kansa.

"Ina za a ajiye?"

"Jikin akwatin gawar," in ji 'yar.