Goron da Kabari Ya Ƙi Karɓa

Sau uku Obadiah Renner-Pratt ya rataya sarƙar magajin gari, kuma sau ukun ba wanda ya ga haƙoransa. Attajirin manja ne, mai kwat ɗin ulu a tsakar zafin Saliyo, gumi na tsiyaya yana cewa iska ce.

Aikinsa na farko a mulki shi ne tashin matattu. Ya saye tsohuwar maƙabartar 'yan dako da ke bakin tashar jirgin ruwa, ya sa Pa Sori mai haƙar kabari ya kwashe ƙasusuwan a amalanke, ya gina sitonsa a wurin. Daga baya ya koma kan masu rai. Rumfunan mata masu kifi, gidajen katako na bakin kasuwa, duk ya rushe da sunan gyaran gari.

Shi kuwa mahaifinsa, Rabaran Renner-Pratt, da aka ce ya rasu yana wa'azi can cikin karkara, kabarin marmara aka yi masa a maƙabartar manya, dutsen ma ta jirgi ya zo.

Kowace safiyar sabuwar shekara mutanenmu kan je kaburbura, su zuba wa mamaci ruwa, su ɓare goro biyu su watsa. In ɓari biyu suka kalli sama, biyu suka kife, mamaci ya amsa gaisuwa. Shekara ashirin magajin gari na watsa nasa a kan marmara, jama'a na leƙe, bai taɓa dacewa ba. Sai ya kaɗe gwiwa ya wuce sito da kwalbar ruwansa, wai duba kaya, ranar da ko kare ba ya aiki.

"Uban da ya haife shi ma ya ƙi shi," in ji Mami Ayo mai kifi, "balle mu."

Da layin dogo ya iso, masu awon ƙasa suka ce ta tsakiyar siton zai bi. 'Yan majalisar gari suka faɗa masa ƙiri-ƙiri: ya ba da sito, su zaɓe shi karo na huɗu. Gwamnati ta yi tayin ninka masa kuɗin ginin. Mutumin da ya rushe rabin gari ya kafe a kan ɗakin kwano mai warin manja.

"Ba za a taɓa shi ba," iyakar abin da ya ce ke nan.

Suka ƙwace sarƙar. Ba mu tausaya masa ba ko kaɗan, har kiɗa mata suka yi a kasuwa.

Ranar rushewa yana tsaye gefe, hula a hannu, babu mai gaishe shi. Ma'aikata suka ɗaga katakon daɓe a kusurwar da bai taɓa bari a jera ganga ba. Ƙasar wurin a share take, ga busassun ɓarin goro jibge. Suka kira Pa Sori ya duba.

Tsohon bai ko sunkuya ba. Ya dubi Obadiah, ya jira. Obadiah ya kau da kai.

"To ni zan faɗa," in ji Pa Sori. "Wannan kabarin kaɗai ka ce kada in tona. Komba ne, ɗan dakon manja. Wancan na marmarar babu gawa, duwatsu na zuba a ciki da hannuna. Ka iya barin sarƙa dominsa, Obadiah, amma har yau bakinka ya kasa cewa ubanka ne."